Sunan Kawu a Shafin Farko

Abin ya fara ne wata ranar Alhamis, ranar da dusar ƙanƙara ta farko ta shekarar ta sauka a kan duwatsu. A cikin birnin Sulaimaniyya, a ƙasar Kurdawa, ruwa kawai ake tsugawa, mai sanyi, mai ratsa ƙashi, amma da Dakta Rebwar ya bar kwalta ya kama hanyar Gwezan sai ruwan ya koma fari, yana sauka kan gilashin mota kamar auduga. Bai so tafiyar ba. Kawunsa ne ya aiko, kuma in Mala Sabir ya aiko ba a tambayar dalili.

Rabin rayuwar Rebwar a kan tambaya ɗaya ya ƙare: yaya malaman ƙauyukan dutse suka rayu tsakanin shehunan ɗariƙa, da masu bindigar da suka zo da sunan addini, da jam'iyyar da ke mulki daga birni? A kan wannan tambaya ya tafi Turai, a kanta ya dawo da digiri da furfura, ya kama koyarwa a jami'a. Littafinsa ya fito da Turanci, aka yaba masa a can inda ba wanda ya san Gwezan. Yanzu an juya shi zuwa Kurdanci, yana hannun maɗaba'a, saura ƙiris ya fito.

Duk wanda ya yaba littafin, babi na huɗu yake yabo. A nan ne aka ba da labarin wani limamin ƙauye a shekarun da masu bindiga suka riƙe kwarin. Yana jan su salla sau biyar a rana, yana kuma aika wa jam'iyya labarinsu ta bayan dutse. Shi ya faɗi inda suke ɓoye makamai, wato tsohon gidan niƙa da ke bakin rafi. Aka yi wa gidan niƙan ruwan wuta daga nesa, mutum biyar suka mutu, har da yaron da aka sa gadi a ranar. A cikin littafin sunan limamin Mala Kaf. A duniya kuwa sunansa Mala Sabir, yayan mahaifiyar Rebwar, kuma da bakinsa ya ba shi labarin a cikin lokutan sanyi uku da Rebwar ya yi a gidansa yana bincike. Yaron da ya mutu a gadi shi ne Hiwa, ɗan Wasta Jalal kafinta, wanda har yau a sahun farko yake salla bayan Mala Sabir, bai san komai ba.

Ɗakin baƙin Mala Sabir cike yake da warin kananzir da tururin shayi. Dattawa sun jeru jikin bango, kowa da ƙwayar sukari a kumatu.

"Ga Bature ya iso," in ji Haji Gafur mai shagon hatsi, wanda tun suna yara yake tsokanar Mala Sabir. "Mamosta," ya ce wa Rebwar, wato malam da harshensu, "shigo da takalminka mana, mun ji a can haka kuke yi."

Rebwar ya cire takalmi, ya sumbaci hannun kawunsa, ya zauna can ƙasa kusa da ƙofa duk da digirinsa. Aka miƙa masa shayi. Bai kai ga kurɓa ba Haji Gafur ya ci gaba.

"Ɗana ya duba mini shafin farko na littafinka a waya. Ya ce ka gode wa wata mata a Holan, ka gode wa wani asusu, ka gode wa mai gyara maka waƙafi. Na ce masa ya sake dubawa da kyau, ƙila sunan Mala yana can ƙasa cikin ƙananan rubutu, inda ake sa farashi."

Aka yi dariya, irin wadda ake yi ana kallon tabarma.

"Sanyi uku fa," Haji Gafur ya ce, yana juya cokali. "Ni na auna shinkafar da ta shiga gidan nan. Ko akuyar da aka yanka maka ta cancanci layi guda."

Mala Sabir ya ci gaba da shan shayinsa. Sai da aka watse bayan la'asar, suka rage su biyu da murhu, sannan ya dubi ɗan ƙanwarsa.

"Ka ji."

"Na ji, Khalo," in ji Rebwar, haka suke kiran kawu. "Amma ka san abin da ke cikin babi na huɗu."

"Na sani. Ni na faɗa maka."

"Na Turanci ba wanda zai karanta a nan. Wannan kuwa da harshenmu zai fito. In sunanka da sunan Gwezan suka hau shafin farko, duk mai ido zai haɗa su da gidan niƙa."

"Wa zai haɗa? Gafur? Gafur ko takardar magani sai an karanta masa." Mala Sabir ya ture kofinsa. "Ban san mutanena ba ne? Shafin farko suke dubawa su ga sunan wa aka sa, sai su ɗora littafin kan talabijin su rufe shi da ƙyalle kada ya yi ƙura. Ba mai kaiwa babi na huɗu."

"In aka samu mutum ɗaya fa?"

"Kai ka girma a garin nan, Rebwar. In baƙo ya ci abincinka ya tafi, ya yi ta ambaton wasu bai ambace ka ba, ka san abin da ake ɗauka. Ko abincin na haram ne, ko mai gidan abin kunya ne. Gaya mini wanne ne nawa, in sani."

"Khalo, kare ka nake yi."

"Kare ni daga me? Na fita kasuwa ana tambayata ko na ji daga Holan."

Rebwar ya fara bayani irin na aji. Ya ce a sana'arsu akwai ƙa'ida, ba a bayyana wanda ya ba ka labari, an sa hannu a kan haka, akwai kwamiti. Yana cikin magana ya ga hannun kawunsa ya tashi zuwa kai. Tsohon ya kama bakin farin rawaninsa ya fara warwarewa, a hankali, ba fushi a fuskarsa. Ya naɗe shi, ya sunkuya, ya ajiye a kan darduma daidai gaban ƙafafun Rebwar.

Tunda aka haife shi bai taɓa ganin kan kawunsa a buɗe ba. Ƙarami ne, sanƙo, da wani tsohon tabo a gefe. A duwatsun nan ko mai neman jinin ɗan'uwansa, in dattijo ya ajiye masa rawani a ƙasa, sauke bindiga yake yi. Ba a tsallake shi, ba a tashi a bar shi. Ɗauka ake yi a mayar wa mai shi, kuma wanda ya ɗauka ya amsa ke nan.

Rebwar ya rubuta shafi guda cur a kan wannan al'ada a babi na biyu, har da sunayen waɗanda suka yi nazarinta kafin shi. Shafin bai taimake shi da komai ba. Ya durƙusa ya ɗauka da hannu biyu.

A gida matarsa Shilan ta saurare shi har ƙarshe tana naɗe shinkafa cikin ganyen inabi, ba ta ɗago ba.

"To, ka cire babin," ta ce.

"Wane babi?"

"Kada ka mayar da ni ɗaliba. Ka ɗauki rawani, suna zai shiga, an gama. Sai babin ya fita. Ɗaya ne zai zauna a littafin nan, ko sunan ko gidan niƙa."

"Babin shi ne littafin, Shilan. In na cire shi me ya rage? Tarihin ɗariƙu, wanda kowa ya rubuta."

"Na Turanci yana nan da babinsa."

"Ni mutanena nake so su karanta. Shekara nawa ake cewa Rebwar Turawa yake rubuta wa, ya kwashi sirrinmu ya kai musu? Yanzu in fito da na gida da rami a tsakiya, su ce na ji tsoro?"

"Su wa za su ce? Mutanen Gwezan, ko waɗanda kuke shan shayi da su a sashenku na jami'a?" Ta jera wani naɗin a tukunya. "Kwamitin ƙarin girma yaushe zai zauna?"

Rebwar ya miƙe. Ya shiga ɗakin karatu ya yi abin da masu ilmi suke yi in ba sa son zaɓi: ya raba tsakiya. Ya ɗauke gidan niƙa daga gabashin rafi ya mayar da shi yamma. Ya goge "mutum biyar" ya rubuta "wasu mutane". Gidan niƙan kansa bai cire shi ba, domin a sana'arsu suna ake canzawa, ba a canza abin da ya faru. Sannan ya buɗe shafin farko ya ƙara layi ɗaya: godiya ga kawuna Mala Sabir na Gwezan, wanda na ci gurasarsa sanyi uku, wanda kuma ba don shi ba da ba a yi littafin nan ba. Ya karanta, ya ga rabin ƙarshen ya yi yawa. Ya bar shi, saboda ya yi daɗin ji.

Littafin ya fito bayan Nauroz, bikin sabuwar shekararsu, lokacin da duwatsu suka yi kore. Mala Sabir ya sauko birni da sabuwar alkyabba, aka zaunar da shi a kujerar gaba, aka kira sunansa a lasifika. Ya koma Gwezan da kwali guda. A ɗakin baƙi ya sa jikan Haji Gafur ya karanta layin da ƙarfi, sannan ya ce a sake, wai Haji kunnensa ya yi nauyi.

"Akuyar fa?" in ji Haji Gafur. Amma ya karɓi kwafinsa, ya ɗora kan talabijin, matarsa ta rufe da ƙyalle.

Haka aka yi ta tafiya har rumman ya fara ja. Rebwar ya fara yarda cewa tsohon ya fi shi sanin mutanensa. Sai wani, wanda har yau ba a san ko wane ne ba, ya ɗauki hoton shafin farko da hoton shafi ɗaya daga babi na huɗu, ya jera su gefe da gefe, ya ja jan layi a ƙarƙashin Gwezan da ƙarƙashin gidan niƙa. Bai ƙara ko kalma ba. Hoton ya bi wayoyi daga birni har kan dutse. A duk kwarin gidan niƙa ɗaya ne aka taɓa ƙonawa, ko gabas da rafi ko yamma.

Matar kawunsa ce ta kira shi. Ta ce ya zo ranar Juma'a, ta kashe wayar.

Ya isa ana gab da salla. Takalma sun cika ƙofar gidan Haji Gafur, a tsakar gidan aka shimfiɗa tabarmi, wani saurayi mai sabon gemu yana gyara murya zai ja su sallar Juma'a. A ƙofar masallaci takalmi ƙafa uku ne kawai. Ya shiga ya samu kawunsa a kan mumbari yana huɗuba ga tsofaffi biyu, ɗaya kurma, ɗaya ba ya gani sosai. Rebwar ya zama na uku. Mala Sabir bai rage ko jimla ɗaya ba, ya yi huɗubar duka kamar masallacin a cike yake.

Suna sallamewa Wasta Jalal ya shigo da jakar kayan aikinsa. Ya cire takalmi, ya yi sallama kamar kullum. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, fensir a bayan kunne.

"Mamosta, ɗan matsa kaɗan," ya ce wa Mala Sabir.

Ya durƙusa gaban mumbarin ya fara kwance shi. Shi ya ƙera shi da hannunsa shekarar da aka binne Hiwa, sadaka ga yaron, bai sa ƙusa ko ɗaya ba, katako ne ke riƙe da katako. Saboda haka bai sha wahala ba. Yana buga guduma a hankali, matakala tana fita, yana jinginawa a bango.

"Wasta," in ji Mala Sabir. "Makamai ne a wurin. Da sun yi amfani da su a kan garin nan. Ban san shi aka sa gadi ba, Allah shaida ne."

"Na yarda ba ka sani ba." Wasta Jalal bai juyo ba. "Bayan nan fa? Kai ka yi masa salla. Ka yi kuka a bakin kabari har ni na riƙe ka, ina ce maka ka yi haƙuri. Ka tuna? Shekara ashirin ina bayanka, ina kallon ƙeyarka, ina cewa amin. Ba ka ga ranar da za ka gaya mini ba. Sai ɗan ƙanwarka ka gaya wa, saboda yana da na'urar ɗaukar magana."

Ya fitar da allon gefe, ya hure ƙurar da ke ramin. Sannan ya dubi Rebwar a karo na farko.

"Dakta, na sa an karanta mini babin duka, sau biyu. Ka iya rubutu. Ka ce 'wani mai gadi'. Sunansa Hiwa. Shekararsa sha bakwai, kuma ba aƙida ta kai shi ba, takalmi suka ba shi da bindiga, ya ga ya zama namiji. Ka gode wa mai gyara waƙafi da sunansa. Ɗana ne ka rasa inda za ka sa."

"Zan sa a bugu na biyu, Wasta. Na yi alkawari."

"Kada ka kuskura. Sunan ɗana ba zai kwana cikin littafi ɗaya da na wannan ba."

Ya ɗaure katakan da igiya, ya yi sawu uku yana kaiwa waje. Ba wanda ya taimaka masa, ba wanda ya hana shi. Da ya gama ya dawo ya share garin katakon da ya zuba a kan darduma, ya yi sallama ya fita.

A gida matar kawun ta kawo gurasa da kindirmo ta ajiye, ba ta dubi Rebwar ba. Mala Sabir ya daɗe yana kallon abincin.

"Me ya sa ka ɗauki rawanin?" ya ce.

"Khalo, da na tsallake shi?"

"Da ka tsallake. Ni tsoho ne da Gafur ya zolaya a gaban mutane. Kai ne mai karatu, kai ka ga abin da ke zuwa, ka faɗa mini da bakinka. Da na yi fushi da kai shekara guda, in tsine maka a zuci, in mutu ina liman."

Ya gutsuri gurasa, ya riƙe bai ci ba.

"Wancan wurin, na gidan niƙa. Ba a iya cire shi ne? Ko doka ce ta hana?"

Rebwar ya buɗe baki. Yana da amsoshi, irin waɗanda ake tafa wa a taro: cewa tarihi haƙƙin al'umma ne, cewa ba a gina gobe a kan shiru. Ya duba ya ga ba ɗaya da zai iya faɗa a ɗakin nan, a gaban wannan kwanon kindirmo.

"To," in ji Mala Sabir. Ya ajiye gurasar. "Ka kama hanya kafin rana ta faɗi, kada a fasa maka gilashi."

Rebwar ya yi iya ƙoƙarinsa, wannan ba a musa masa. Ya je wurin manyan jam'iyya, waɗanda kawunsa ya yi wa aiki a ɓoye, ya tuna musu. Aka ba shi shayi, aka ce littafin ya yi kyau, aka ce abin takaici ba su da wani abu a rubuce game da wani Mala Sabir. Ofishin da ke kula da masallatai ya aiko da takardar ritaya, wai don lafiyar Mala. Wata safiya aka tarar an zagaye gindin itatuwan rumman ɗinsa da wuƙa, an ɓare ɓawon, 'ya'yan suna rataye ba su gama nuna ba. Ba Wasta Jalal ba ne, kowa ya san haka. Mutum biyar ne suka mutu a gidan niƙa, kuma kowannensu yana da dangi.

Kafin sanyi ya dawo Mala Sabir ya sauko birni, ya tare a hawa na huɗu a gidan surukinsa, inda taga ke kallon bangon wani gida. Ba ya fita sai Juma'a, ya je masallacin da ba a san shi ba, ya tsaya a sahun baya da hula kawai. Rebwar ya je gaishe shi. Aka ce yana barci. Ya sake komawa, aka ce yana barci, alhali ana jin tarinsa daga ƙofa.

A wannan kakar kwamiti ya zauna, aka ba Rebwar farfesa. Littafin ya ƙare a kasuwa, domin ba abin da ke sayar da littafi kamar hoton nan mai jan layi. Aka gayyace shi wani taro a Turai ya yi magana a kan amana tsakanin mai bincike da mai ba shi labari. Shilan ta goge masa riguna ta jera a akwati, ta tambaye shi ko a can ma akwai shafin godiya. Ya tafi.

Abin da aka rasa ba shi da wuyar ƙirgawa. Mumbari ɗaya. Limancin shekara talatin da huɗu. Itatuwan rumman arba'in da biyu. Gida ɗaya a Gwezan, wanda aka kulle aka kasa samun mai saye. Abokin tsokana ɗaya, domin Haji Gafur bai ƙara yi wa kowa ba'a a ɗakin baƙi ba. Kawu ɗaya, yana raye. Da yaro ɗaya mai shekara sha bakwai, wanda ubansa ya binne sau biyu.